Rumbun da Kaka Ya Ɗaga

Allah ne Ya ba mu shi, kuma Ya karɓi abinsa a farkon daminar nan. Kakana, mahaifin Babana, ya faɗi bayan la'asar a gindin mangwaron ƙofar gidanmu na unguwar Turaki, ya cika a asibiti kafin magariba, aka kai shi makwancinsa da safe.

Ban taɓa ganin gidanmu ya cika haka ba. Aikina a kwanakin nan shi ne kai ruwa da ɗauko kofuna. Da yake ba ni da magana, mutane kan manta ina wurin, shi ya sa na ji abubuwa da yawa. A ƙofar gida wani dattijo ya ce tun da ya san masallacin unguwa bai taɓa ganin Kaka a sahu na biyu ba. Wani ya kama hannun rigarsa ya nuna wa jama'a, ya ce Kaka ne ya ɗinka masa ita lokacin aurensa na fari, har yau zare ko ɗaya bai zare ba. A cikin gida wata maƙwabciyarmu tana kuka tana cewa duk yunifom ɗin yaranta da ya yage shi yake ɗinkewa, in ta buɗe baki za ta yi godiya sai ya tambaye ta lafiyar akuyarta. Wata tsohuwa ta yi dogon bayani da Fulatanci, rabi na gane, sauran mata suna gyaɗa kai.

Duk gaskiya suka faɗa. Amma ba wanda ya ambaci ces, wasan da maƙwabta suke kira darar Bature, alhali tun da na yi wayo ba la'asar da ta wuce Kaka bai zauna gabansa ba sai in ruwan sama ya hana.

Mutum ɗaya ne na san yana tunaninsa. Shi ne abokin wasan Kaka, wanda muke kira Baban Iware saboda can ne garinsu, ko da yake ya daɗe a Jalingo. Kirista ne, tsohon malamin gona. Ya zauna a bakin tabarma, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. In an ɗaga hannu ana addu'a sai ya sunkuyar da kai, in an shafa sai ya mai da idonsa gindin mangwaro, inda ƙafafun bencin Kaka suka bar ramuka a ƙasa.

Wadda ta fara ambaton wasan ita ce Goggo, yayar Babana, da ta zo daga Lau. Ta tarar da allon a zaure inda aka ture shi ranar da abin ya faru. Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta kwashe 'ya'yan ta zuba a buhu, ta cusa allon a ciki, ta kai bayan kicin ta ɗora a kan itace.

"Wannan katakon ne ya tayar masa da jini," in ji ta. "Likita ya ce ya huta, yana can yana ƙona ƙwaƙwalwa. Ranar bakwai in an hura wutar sadaka, da shi zan fara."

Baba bai taɓa musu da Goggo ba. Mama ta kalle ni ta gefen ido, daga baya ta ce mini kada in sa baki a maganar manya, Goggo uba ta rasa, a bar ta ta huce yadda za ta iya. Na ce to. Amma duk sanda aka aike ni ɗebo itace sai in taɓa buhun in ji ko yana nan.

Ina so in rubuta Kaka na gaban allon, domin na masallaci da na shago suna da masu tunawa da su.

Tela ne, iyayensa daga Zariya suka zo. Ya ce wani malami Ba'indiye da ya koyar a wata sakandare a da shi ya koya masa wasan, yana zuwa shago ɗinkin wando suna bugawa a kan teburin yanka. Da zai koma ƙasarsu ya bar masa allon. Shekaru sun cinye fentin, gidajen baƙi sun koma ruwan ƙasa. Soja ɗaya na farare ya ɓata tun kafin a haife ni, Kaka ya sa kwarkwaron keken ɗinki a madadinsa. Dokin baƙaƙe ɗaya kunnensa ya karye.

Sunayen ma nasa ne. Masu tsayuwa a kusurwa, masu tafiya miƙe, ya ce rumbu ne, don kamar rumbu suke. Masu tafiya a karkace yana ce musu liman, Baban Iware yana ce musu fasto, kowa yana faɗin nasa ba wanda ya taɓa gyara wa wani. Sai doki, da sarauniya, da sarki, da sojoji a gaba.

Ban roƙi a koya mini ba. Kunu nake kawo musu, sai in ƙi tafiya, in zauna a ƙarshen bencin Kaka kamar ina jiran kofuna. Kaka yana da wata al'ada, in wasa ya yi zafi sai ya cire hularsa ya ɗora mini a cinya ya ce, "Amarya, riƙe mini kaina." Amarya yake kirana, yana cewa ni ce matar da ba ta taɓa yi masa faɗa ba. Hular tsohuwa ce, shuɗin zare, zanenta ya karkace a gefe ɗaya. Goggo ce ta ɗinka masa da hannunta tana budurwa. Kaka mutum ne da in yaron shago ya karkata ɗinki kaɗan sai ya sa a farke, amma wannan hular ba ya rabuwa da ita. Tana ƙanshin man keke da goro da wani turare na ɗan kwalba da yake shafawa ranar Juma'a.

Wata rana Baban Iware ya makara, sai Kaka ya jera 'ya'yan a kan benci, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kasa tumatir. Ya ce tunda na zama 'yar kallo gara in san farashi. Soja ɗaya. Doki uku. Liman uku. Rumbu biyar. Sarauniya tara. Na nuna sarki da yatsa, ya ce shi ba a sa masa farashi don ba a sayar da shi, in ya tafi an tashi kasuwa. Ya ce in za ki ci na wani ya ci naki, wannan musaya ce, sai ki yi lissafi. Kin ba da doki kin karɓi rumbu, kin ci ribar biyu. Kin ba da sarauniya kin karɓi rumbu da soja, an cuce ki da uku. Ya yi ta tambayata ina amsawa da yatsu, don ko a gabansa ma muryata ba ta cika fita ba.

Da na haddace, na ji daɗi, sai ya rushe mini. Ya ɗauki rumbu ya sa a kusurwa, ya kewaye shi da sojojinsa, ya ce in motsa shi. Ba hanya. Ya ɗauki doki ya kafa a tsakiyar allo ya ce in ƙirga inda zai iya dira. Na ƙirga takwas. Ya tambaye ni wanne ne biyar yanzu. Ya ce lambobin nan don mai koyo ne, kada a yi masa wayo, amma wanda ya tsaya a kansu ba zai taɓa iya wasa ba.

"Kowa abin da aka kwashe yake kallo," ya ce. "Ga nawa a gefe, ga naka a gefe, a yi ta ƙirga gawa. Ke ki kalli allon. Bayan an gama cinye-cinyen, me ya rage?"

Wannan tambayar ba a wasa kaɗai yake yin ta ba. Da Baba ya so ya sayar da keken ɗinkin Kaka, tsohon na ƙafa, ya saya masa na lantarki, Kaka ya saurare shi har ya gama yabon sabon, sannan ya tambaye shi in an ɗauke wuta me ya rage. Keken yana nan har yau a ɗakinsa, an lulluɓe shi da zani.

Shi da Baban Iware ba su taɓa yarda da juna a kan doki da liman ba. A lissafi uku-uku ne. Amma Kaka mutumin doki ne, yana cewa shi kaɗai ne ke tsallake katanga. Baban Iware yana cewa doki gajeren ƙafa ne, fasto daga nesa yake wa'azi. In Kaka ya ba da limaminsa ya ci dokin Baban Iware, sai kowannensu ya jingina da baya yana murmushi, kowa yana ganin ya cuci ɗan'uwansa. Baban Iware Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Yakan nuna ni da haɓa ya ce, "Wannan yarinya shi ne yana gaya maka, ko? Na ga idonsa." Kaka ya ce amaryarsa ba ta tona asirin miji, kuma ba ta taimakon baƙo. Yana tsokanarsa da cewa mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa mutane dasa doya ai sai ya dasa sojojinsa ya jira su yi tsiro. Shi kuma ya ce tela komai yankawa yake yi, shi ya sa ba ya iya ganin abu a allo bai ci ba.

Faɗansu ɗaya na sani, kuma daga alheri ya fito.

Matar Baban Iware ta rasu bara waccan da rani. Kaka ya je coci ya tsaya a waje har aka fito, ya bi su maƙabarta. Bayan wani lokaci Baban Iware ya dawo gindin mangwaro, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yana wasa kamar wanda aka tasa daga barci. Sai na ga Kaka ya fara wani irin ciniki. Ya ba da rumbu ya karɓi liman ba dalili. Ya bar sarauniya inda doki zai same ta, ya dafe goshi ya ce tsufa ya zo. Na kalli allon na nemi abin da ya rage, ban ga komai ba. Kuma hularsa tana kansa, bai ba ni riƙo ba ko sau ɗaya. Da baƙon ya tafi na tsaya ina kallonsa. Ya ce, a hankali, akwai ranar da cin wasa ya fi amfani a gidan wani, kuma in rufe bakina. Ya san ba sai ya faɗa ba.

Baban Iware ba yaro ba ne. Wata la'asar Kaka ya sake miƙa rumbu a banza, sai ya ƙi ci. Ya daɗe yana kallon Kaka, sannan ya tashi ya kaɗe wandonsa.

"Matana ne ya mutu," ya ce. "Ba kaina ba. Sadaka ka kai masallaci."

Ya hau kekensa ya tafi. Har aka fara girbin masara bai dawo ba. Kaka kullum yana jera allo yana zama, in kawo kunu kofi biyu in mai da ɗaya. Bai yi magana a kai ba, sai dai ya riƙa yi wa Mama ƙorafin gishiri. Daga ƙarshe wata Asabar ya ce in ɗauko allo mu je. Muka hau Keke Napep har gidan. Ya yi sallama, bai ba da haƙuri ba, ya shimfiɗa allo a barandar mutumin, ya cire hula ya ɗora mini. Ya ci shi sau uku a jere, na ƙarshen ma da wulakanci, har da ƙwace masa fastocinsa duka biyu. Baban Iware ya yi dariyar da ban ji ya yi ba tun rasuwar, ya shiga ɗaki ya fito mana da doya biyu manya. A hanya Kaka ya ce mini ya yi kuskuren lissafi ne, ya ɗauka nasara ce ta fi tsada a wurin mutumin.

Ranar da ya faɗi, hadari yana haɗuwa ta bayan duwatsu, iska tana zubo busassun ganye a kan allo ina kwashewa. Kaka ne da farare. Wasa ya yi nisa. Dokin Baban Iware, mai karyayyen kunnen, yana tsaye gaban sarkinsa, soja yana tsaronsa. Hula tana cinyata. Kaka ya ƙura wa allo ido, sai na ga gefen bakinsa ya motsa yadda yake yi in ya hango wani abu. Ya miƙa hannu ya ɗaga rumbu, ya nufi dokin da shi. Bai sauke ba. Hannun ya tsaya a sama, rumbun ya suɓuce ya faɗi ƙasa, shi kuma ya zame ta gefena. Sauran ban iya rubuta shi ba.

Hular ta kwana a hannuna. Na sa ta cikin jakar makarantata, in ba kowa sai in buɗe in sa fuskata. Goggo ta neme ta tun ranar da ta iso. Ta duba ƙarƙashin filo, ta duba aljihun rigunansa, ta aiki Baba ya tambaya a asibiti. Ba wanda ya tambaye ni, ni kuma na ci gaba da ɓoye ta. Ita kaɗai ce abin da ya rage mini mai ƙanshinsa.

Da safiyar ranar bakwai aka kafa manyan tukwane a tsakar gida. Na ga Goggo ta jawo buhun daga kan itace ta ajiye kusa da murhu, ta tsuguna tana gyara wuta. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado da hular a hannu. Na yi lissafin yadda aka koya mini. In na riƙe hula, ƙanshin zai yi wata ɗaya ko biyu ya tafi, allon kuma ya zama toka kafin shinkafa ta nuna, Baban Iware ba shi da abin da zai sake kawo shi Turaki. In na ba da ita, ba zan sake jin ƙanshin ba. Na shaƙa sau ɗaya, mai tsawo, na fita.

Na durƙusa gabanta. Mata suna ta kai da kawo, Mama tana kallona daga bakin kicin. Na miƙa hular da hannu biyu, na ce, "Goggo, ga ta. A hannuna ya bar ta. Don Allah ki bar mini buhun."

Ban taɓa yi wa Goggo magana mai tsawon haka ba. Ta karɓa, ta juya ta har ta sami gefen da ya karkace, ta bi shi da babban yatsa. Ta ce tana kamar shekaruna ta yi wannan ɗinkin, ta so ta farke wurin ya hana ta. Sai ta rufe fuskarta da hular, kafaɗunta suna rawa. Na jira. Da ta ɗago, ba ta kalle ni ba, ta tura buhun da ƙafa zuwa wajena.

"Ɗauke shi daga gabana. Kada in sake ganinsa har in koma Lau."

Wata daga cikin matan ta ce yarinyar nan ashe tana magana.

Bayan la'asar, an watse, an naɗe tabarmi, Baban Iware ya tashi zai tafi. Na fito da allon ƙofar gida, inda Goggo ba za ta gani ba, na ɗora a kan benci. Ya tsaya da hannu a kan kekensa. Na jera wasan yadda yake ranar, kowane ɗa a gidansa, har kwarkwaron. Ya matso ya duba, ya gyara soja ɗaya, sannan ya mai da shi inda na sa, ya ce nawa ne daidai. Ya zauna. Ni na zauna a tsakiyar benci, inda ban taɓa zama ba.

Na ɗaga rumbun na ci dokin.

"Biyar a kan uku," ya ce. "Asara ne fa. Ka ga abin da ya gani?"

Na girgiza kai. Na ce, "Baba, kada ka bar mini."

Ya ce ko Kakana bai bar wa ba. Ya ci rumbun da soja, gaban sarkinsa ya buɗe. Na kawo sarauniya na tsare sarkin, ya kauce. Na kawo liman, ya toshe. Na ji akwai wani abu a wurin, kusa, kamar kalmar da ke bakin harshe, amma ban same shi ba. Ya musanya mini sarauniya, ya musanya liman, ɗaya bayan ɗaya, har allon ya zama fili, ribar biyun nan tana hannunsa. Ya kashe ni da rumbunsa kafin kiran magariba. Bai yi murmushi ba. Ya zauna yana kallon inda dokin ya tsaya, ya ce shi ma tun ranar yake nema, ya san akwai, don ya ga bakin tsohon ya motsa. Ya share idonsa da bayan hannu, ya ce gobe in tanadi kunu.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa tsayuwarsa a sahun farko ta tsaya masa. Goggo ta koma Lau da hular a cikin jakar hannunta. Baban Iware yana zuwa bayan la'asar, kuma kafin mu fara sabon wasa sai mun jera wancan, in ɗaga rumbun, in ci dokin, mu zauna muna kallon abin da ya rage. Har yau ba mu gani ba.